Gado ɗaya, rasit biyu: wane jadawali mai fuska biyu ya kamata ka ɗauka

Bara da aka dawo hutu wani Alhaji mai gidan kwanan ɗalibai a Samaru, can wajen Hayin Dogo, ya kira ni da sassafe wai in zo yanzu yanzu. Ni na rubuta masa 'yar manhajar da yake raba gadaje da ita. Ina isa na tarar da samari biyu tsaye a ƙofar ɗaki ɗaya, kowa da jakarsa kowa da rasit ɗinsa, kuma duka rasit ɗin biyu gado na 9 suke cewa, dukansu sun biya kuɗin shekara cif. Alhaji ya dube ni ya ce "ɗana, kai fa ka ce min kwamfuta ba ta mantuwa, to ga shi nan". Na ce Baba a yi haƙuri a ba ni zuwa azahar.

Abun da na yi tun farko shi ne abun da yawancinmu ke yi, dict guda biyu a yaren Python, wato jadawalin da kake ba shi abu ɗaya ya fito maka da abokinsa, ɗaya daga lambar ɗalibi zuwa gado, ɗaya daga gado zuwa lambar ɗalibi, duk sanda aka ba mutum gado sai in rubuta nan in rubuta can. Toh shi dict makulli kawai yake tsarewa, wato abun da kake nema da shi, amma ƙima, wato abun da yake fito maka, ba ruwansa ko ta maimaitu sau ɗari. Mai kula da gidan ya zo shigar da gado na 19 hannunsa ya tsallake 1 ɗin, sai dict na farko ya karɓi mutum biyu a kan 9 salin alin, na biyun kuma ya goge tsohon ya ɗora sabon. In ka nemi gado na 9 suna ɗaya za ka gani, in ka nemi kowane ɗalibi da lambarsa 9 za ka gani, kowace fuska da nata labarin kuma babu wacce ta yi ƙorafi. An dai ba yaron gado na 19 aka kashe maganar kafin la'asar, amma ni abun ya tsaya min a rai, shi ya sa na zauna na bi laburaren da aka yi musamman dan wannan aikin ɗaya bayan ɗaya, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta na jadawali mai fuska biyu, wanda ake nema ta makulli ko ta ƙima, kuma abun da na gano shi ne duk suna amsa suna ɗaya amma halinsu ya sha bamban sosai, kuma a kan maimaici ne halin kowa ke fitowa.

Mu ce Musa na gado na 4, Sani na gado na 9. In ka ce a mayar da Musa gado na 12 da ba kowa a kai, makulli ne ya maimaitu, wannan mai sauƙi ne, tashi ne kawai daga nan zuwa can. In wani sabo ya zo ka ce a ba shi 9, ƙima ce ta maimaitu, wannan shi ne rigimar da na tarar a Hayin Dogo. Akwai kuma na ukun da mutane ba sa tunawa da shi sai ya same su, ka ce a ba Musa gado na 9, kaga Musa yana ciki, 9 ma yana ciki, amma a layi daban daban, wato umarni ɗaya ya taka mutum biyu. Duk laburaren da za ka ɗauka ka tambaye shi waɗannan ukun, musamman na biyu da na uku.

In Java kake rubutawa, zaɓi biyu ne a gabanka, BiMap na Guava wanda Google suka fitar, da BidiMap na Apache Commons Collections, kuma wallahi na sha ganin ana ɗaukarsu abu ɗaya saboda sunan ya yi kama. A kan makulli bakinsu ɗaya, ka sake put, wato umarnin shigarwa, da tsohon makulli sai sabuwar ƙima ta maye tsohuwa kamar yadda HashMap ya saba. A kan ƙima suka raba gari. Guava in ka ce a ba sabon mutum gado na 9 alhali Sani na kai, sai ya yi ihu, wato ya jefo maka kuskuren IllegalArgumentException, kuma jadawalin yana nan yadda yake bai taɓa komai ba. In da gaske kake so a tashi Sani, akwai forcePut, sai ka kira shi da sunansa, duk wanda ya zo karanta kod ɗinka daga baya ya san da gangan ka yi. Shi kuwa na Apache, put ɗinsa na yau da kullum shi ne forcePut ɗin Guava, ka ba wani 9 sai Sani ya fita daga jadawalin gaba ɗaya ba sallama, kuma ba ɓoyewa suka yi ba, a rubuce yake a takardun laburaren har da misali, hujjarsu ita ce dole ƙima ta zama da makulli ɗaya tak dan fuskar baya ta yi aiki. Hujja ce mai kyau, amma ka duba abun da put ɗin yake dawo maka da shi, tsohuwar ƙimar makullin da ka bayar ce kawai, sunan wanda aka kora ba ya ciki. Ko forcePut na Guava haka yake, sun ma yi gargaɗi a kai cewa makullin da aka cire zubar da shi ake yi ba a dawo maka da shi. Dan haka in kana so ka san wa ka tasa sai ka leƙa fuskar baya tukuna, inverse a Guava, getKey a Apache, ka ajiye sunan sannan ka rubuta.

Da na Apache na yi amfani a gidan Alhaji, da rigimar ta fi wacce na gani muni, dan ni ko ba komai sunayen biyu suna nan a fuska ɗaya na iya bin sawu, a can kuwa yaron farko ɓacewa zai yi ɗungurungum, ga rasit a hannunsa ga manhaja na cewa ba ta san shi ba, kuma kun san wa za a fara zargi, mai kula da gida za a ce ya ci kuɗin. Amma fa akwai inda halin nan nasa shi ake so. Misali kana bin wace waya ce ke jone da wane asusu a yanzu, mutum ya shiga da sabuwa kana so tsohuwar ta faɗi da kanta, a nan na ƙarshe shi ne mai gaskiya kuma ba ka son wani ihu. In aikinka irin wannan ne DualHashBidiMap na Apache ya ishe ka. In kuma ka gaji kod da aka riga aka gina da shi kuma aikin na rabo ne, kar ka rushe, ka naɗe put ɗin cikin naka fankshin ka fara tambayar containsValue, ba ta da tsada tunda akwai fuskar baya ba sai an bi layi layi ba.

A Python kuwa bidict ne, wanda Joshua Bronson ya rubuta, kuma ni a ganina shi ya fi zama ya yi tunani a kan wannan maganar. In ka rubuta b["Musa"] = 12 yadda ka saba da dict, zai canza wa Musa gado ba gardama. In ƙima ta maimaitu sai ValueDuplicationError, in kuma na ukun nan ne ya faru sunan kuskuren ma daban ne, KeyAndValueDuplicationError, kaga tun daga sunan ka san me ka taka, saɓanin Guava da kuskure iri ɗaya yake ba ka a duka biyun. Sannan akwai put, wanda ya fi tsauri, shi ko makulli ne ya maimaitu ba ya yarda, KeyDuplicationError zai ba ka. Wannan ɗin nake so ku lura da shi, dan wurin rabon gado ko lambar zama a jarabawa, canza wa mutum wuri shiru shiru ma matsala ce, an buga masa kati da 4 an kuma mayar da shi 12 bai sani ba. Akwai forceput na mai son tilas, akwai kuma OnDup inda kai da kanka za ka faɗi me za a yi in makulli ya maimaitu da me za a yi in ƙima ce, cikin abu uku, RAISE a yi ihu, DROP_OLD a zubar da tsoho, DROP_NEW a yi watsi da sabo. Na ƙarshen nan yana da amfani in dokarku ita ce wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. In kuma ka sake shigar da abun da yake ciki daidai da daidai, Musa da 4 ɗinsa, ba wanda zai ce maka uffan, haka ma a Guava.

Amma abun da ya sa na koma bidict a aikin Alhaji wani ne daban, shigar da jeri gaba ɗaya. Farkon zango ba ɗaya ɗaya ake shigar da mutane ba, fayil ɗin Excel ake turo maka ta WhatsApp mai layi ɗari biyu ko uku. Ka ɗauka layi na 181 ya yi karo da na 40. A Guava putAll zai yi ihu a nan, amma 180 na farko suna iya riga sun shiga, takardunsu sun faɗi haka ƙarara, sai ka tashi da jadawali rabi sabo rabi tsoho kana lalube ina aka tsaya. A bidict in putall ko update suka faɗi a tsakiya komai yana komawa yadda yake kafin ka fara, ko duka su shiga ko ba ko ɗaya. Sai ka gyara fayil ka sake turawa hankalinka kwance. Mai Java da ke son irin wannan sai ya gina sabon jadawali a gefe, in ya kammala lafiya ya musanya da tsohon, ko ya yi amfani da ImmutableBiMap wanda lokacin build yake ƙin duk wani maimaici, na makulli ko na ƙima, kuma in ya ƙi ba abun da aka gina balle ya lalace.

Masu C++ naku Boost.Bimap ne, na Matias Capeletto, ya shiga Boost tun 1.35 a 2008. Shi halinsa na uku ne, ba ya ihu kuma ba ya kora, ƙi yake yi kawai. Ka kira insert da abun da ya yi karo ta hagu ko ta dama, sai ya bar jadawalin yadda yake ya dawo maka da false a gefen amsarsa, irin na std::map. Tsohon mai gado ya tsira kenan, amma in ba ka duba false ɗin nan ba manhajarka za ta ci gaba ta buga wa sabon rasit alhali bai shiga ko'ina ba, ka dawo gidan jiya, mutum biyu rasit biyu. Wurin gyara ma a kula, replace_key da replace_data in sun yi karo suna dawo da false su bar abun a wurinsa, amma modify_key in ya yi karo goge layin yake yi gaba ɗaya, wannan ya gada ne daga Boost.MultiIndex da aka gina shi a kai. Inda Boost ya fi saura shi ne kowace fuska kai ke zaɓar mata doka, set_of ba maimaici, multiset_of a bar maimaici, akwai unordered_set_of da list_of da sauransu, wato jadawali ɗaya zai iya zama ɗaya da ɗaya ko ɗaya da yawa gwargwadon yadda ka ayyana shi.

Na Rust, laburaren bimap, insert ɗinsa yana kora kamar na Apache amma yana miƙo maka duk abun da ya kora a cikin Overwritten, ko na hagu ne ko na dama ko duka biyun, akwai kuma insert_no_overwrite mai ƙi. Ina ma sauran sun yi haka.

Mu dawo kan maimaici na ukun nan, wanda umarni ɗaya ke taka mutum biyu, dan shi ya fi cizo. Musa da Sani sun shirya tsakaninsu za su yi musanya, Musa ya koma 9 Sani ya koma 4, abu ne da ke faruwa kullum, wani na son kusa da taga wani na son kusa da soket. Ka ce forcePut Musa 9, abun da zai faru shi ne layin Musa da 4 ya tafi, layin Sani da 9 ya tafi, layi ɗaya ya shigo, ka ƙara abu amma jadawalin ya ragu da ɗaya. In ka bi shi nan take da Sani 4 shikenan an daidaita, amma tsakanin umarnin biyu Sani ba ya ko'ina, in wani abu ya faɗi a nan ko wani ɓangaren manhajar ya leƙo a daidai lokacin to ba shi da gado. Dan haka musanya a rubuta mata fankshin nata na kanta, a karanta wuraren biyu tukuna, a cire duka, a mayar da duka, a Python kuwa forceupdate da layukan biyu a tare ya wadatar.

Sai wasu abubuwa biyu da duk wanda ka ɗauka za su same ka. Na farko wanda bai samu gado ba tukuna. Hankali zai ce maka ka sa masa null ko None, wato alamar babu komai, HashBiMap na Guava ma yana karɓar null, toh amma null ɗin ma ƙima ce, mutum ɗaya kawai zai iya riƙe ta, na biyu da ka sa wa Guava da bidict za su yi ihu, DualHashBidiMap kuwa zai kori na farkon. Masu jira a yi musu jerinsu daban. Na biyu kuma, me ake nufi da maimaici ma tukuna. A wurin kwamfuta "A4" da "a4" da "A4 " mai sarari a ƙarshe gadaje uku ne. Lambar waya da aka fara da 0803 da wacce aka fara da +234803 biyu ne, ga Excel da ke cinye sifirin farko ya ƙara maka ta uku. Ɗanladi mai ƙugiya da Danladi mara ƙugiya mutum biyu ne. A Python kuma akasin haka, 1 da 1.0 da True duk abu ɗaya ne a matsayin makulli. Laburare ba zai kama abun da bai gani a matsayin ɗaya ba, sai ka wanke bayanan kafin su shiga, ko a Apache ka ɗauki DualTreeBidiMap da yake karɓar naka ma'aunin kwatance, ka ba shi wanda ba ruwansa da manyan baƙi ko ƙanana.

Kafin ma duk wannan, ka tabbata abun naka ɗaya da ɗaya ne da gaske, dan rabin ihun da mutane ke samu daga BiMap gaskiya yake gaya musu su kuma suna toshe masa baki da forcePut. Suna da lambar ɗalibi ba ɗaya da ɗaya ba ne, a aji guda a Zariya sai ka samu Abubakar Sadiq uku. NIN da lambar waya ma haka, mutum ɗaya na da layi biyu uku a kan NIN ɗaya, BVN ɗaya na ɗauke da asusu da yawa, lambar asusu mai lamba 10 ma sai an haɗa ta da banki take nuna mutum ɗaya. Lambar waya kanta ba ta tsira ba, a makarantun Islamiyya yara biyar na gida ɗaya lambar babansu suke bayarwa, kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na sake sayar wa wani. Ɗalibi da gado ɗaya da ɗaya ne, ɗalibi da ɗaki kuwa a'a tunda mutum huɗu ke ciki. Irin waɗannan Multimap na Guava suke so, ko MultiValuedMap na Apache, ko multiset_of a Boost, ko defaultdict mai set a Python.

Toh wanne za ka ɗauka. In rabo kake yi na abun da mutum ya biya ko yake da haƙƙi a kai, gado, shago a kasuwa, lambar zama, ka ɗauki mai ihu, Guava a Java, bidict da put a Python, a C++ kuma kar ka bar insert ko ɗaya ba ka duba amsarsa ba. In abu ne da sabo ke soke tsoho bisa ƙa'ida, na Apache ko forceput. In teburi ne da ba ya canzawa, kamar jihohi 36 da manyan biranensu, Kaduna da Kaduna, Jigawa da Dutse, ImmutableBiMap ko frozenbidict, kuskure ya fito tun ranar da kake rubutawa. Dict biyu da hannu kuwa sai in an hana ka saka laburare, kuma ko a nan ka kulle su cikin class ɗaya da ƙofar rubutu ɗaya.

Sannan in bayanan a rumbun bayanai suke kwana, wanda nan ya kamata su kwana in dai da kuɗi a ciki, dokar a can za ka kafa ta, UNIQUE, wato dokar hana maimaici, a kan lambar ɗalibi, UNIQUE a kan gado, dan jadawalin da ke cikin manhaja ba ya ganin abun da wata waya ke rubutawa a daidai lokacin. Halayen nan uku ma duk suna can. INSERT zalla mai ihu ne, INSERT OR IGNORE na SQLite irin na Boost ne, REPLACE na MySQL da INSERT OR REPLACE na SQLite kuwa forcePut ne sak, duk layin da ya yi karo goge shi suke yi, in MySQL ya ce maka layi 3 aka taɓa to biyu aka goge ɗaya ya shiga. Bambanci ɗaya da zai ba ka mamaki, a PostgreSQL da MySQL da SQLite UNIQUE na barin NULL da yawa, wato a can masu jiran gado za su iya zama a teburi ɗaya lafiya lau, SQL Server ne yake barin ɗaya kawai.

Manhajar Alhaji yanzu SQLite ce a ƙasa da UNIQUE biyu, bidict a sama dan nema ta kowace fuska, rabo da put, musanya da maɓallinta daban. In mai kula da gida ya buga gadon da ke da mai shi, allon yana nuna masa sunan wanda ke kai da ranar da ya biya, kuma rasit ba ya fita sai layin ya shiga. Wannan zangon ya kira ni sau ɗaya, wai manhaja ta ƙi karɓar wani yaro a gado na 22, muka duba tare ashe wanda ya gama bara ne ba a cire sunansa ba, aka cire aka shigar da sabon.